Libas Samb da Awakin Baƙin Tsibiri

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab na shekarar 1446, daidai da sha huɗu ga Janairun 2025, Allah Ya yi wa Libas Samb rasuwa a garinmu Mbaraw, jim kaɗan bayan la'asar, yana da shekara saba'in da 'yan kai. A bakin teku ajali ya same shi. Dawowarsa ke nan daga Baƙin Tsibiri, an taya shi jawo kwalekwale kan rairayi, ya zauna ya jingina da shi, ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ruwan ya cika. Ni ina can wajen bandar kifi, hayaƙi na yi mini yaji a ido, sai na hangi maza sun yi cirko-cirko, nan take jikina ya ba ni. Washegari da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Ni ce Aram Ndoy, 'yar gwaggonsa. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka taubasai ne mu. Tun muna yawo ba riga yake ce mini baiwarsa, ni kuma ina ce masa bawana, har ya koma ga Allah ba a raba wannan gardama ba. Akwai waɗanda suka fi ni iya rubutu a garin nan, amma babu wanda ya kai ni haƙƙin faɗa masa gaskiya. Saboda haka, Libas, yau ma da kai zan yi, ko da yake wannan ne karon farko da zan yi magana ba ka katse ni ba.

Zan fara da alherinka, don kada a ce na jira ƙasa ta rufe maka ido sannan na rama. Ba ka taɓa sauke kifi ba tare da ka ware na tsofaffin da ke zaune a rumfar bakin ruwa ba, kuma ba ƙanana da farfasassu kake tsince musu ba kamar yadda wasu ke yi. Shekarar da mijina ya rasu ya bar ni da yara biyar, kullum sai na tarar da kwando a gindin murhuna. In na tambaya sai ka ce kifin da kyanwa ta ƙi ne, ka rasa inda za ka zubar. Idan injin wani ya mutu a tsakiyar teku, kai ne mai barin kamunka ka ɗaura masa igiya, kana jansa kana zaginsa har gaɓa, don kada ya sami sararin yi maka godiya. Aibinka da kowa ya sani shi ne shayi. Ga ɗaci, ga rowar sukari, ga jinkiri, mutum ya zo gaisuwa da azahar sai la'asar ta same shi yana jiran kofi na biyu.

Amma duk wanda ya ambaci sunanka a garin nan, tsibirin ne ke faɗo masa a rai. Tun kaka da kakanni gidanku ne ke da sauka ta farko a can. Kowace shekara, kafin a buɗe babban su, babban gidan Samb ne ke ɗaukar ƙwaryar kunun gero da nono ya tsallaka, ya zuba a kan dutsen bakin mashiga, ya roƙa wa masunta lafiya, ya dawo kafin rana ta faɗi. Ba a kwana a can, ba a zubar da jini a can, kuma abin da aka ba tsibirin ba mai ɗauke shi sai da bakin wanda ya bayar. Liman bai taɓa son wannan kunu ba, kun sha fafatawa a kansa a ƙofar masallaci, duk da haka sahun gaba bai taɓa rasa ka ba. Na taɓa tambayarka ko da gaske akwai wani mai tsibirin da ke shanye kunun. Ka ce, "Wannan Allah ne Ya sani, Aram. Ni dai abin da idona ya gani tsuntsaye ne, kuma ban taɓa jin sun yi ƙorafi ba."

Sau ɗaya ka kai ni can, ina budurwa. Na yi amai tun daga tashi har sauka, kai kuwa kana ta dariya kana cewa na ciyar da kifin shekara. Da hankalina ya dawo ka zaga da ni. Ka tona ƙasa da ɗan yatsa ka nuna mini tulin katantanwa da gutsattsarin tukwane na mutanen da suka ci suka sha suka tafi tun ba a san sunan Samb ba. Ka nuna mini ɗakin dutse marar rufi na wani Bature da ya zo da fartanya da iri zamanin kakan kakanmu, wai zai yi gona, gishiri da iska suka kore shi tun bai ga girbi ba. Ka nuna mini inda a zamanin da can manyan jiragen ruwa suke fasa dutse su cika cikinsu da shi don nauyi bayan sun sauke kaya. Ka ce kowa ya zo ya gwada zama ya tafi, masu fukafuki ne kawai wurin ya karɓa.

Can baya da shekaru wata malamar jami'a mai suna Sira Jallo ta zo daga Dakar da guduma da jaka, ka yi kusan wata kana kai ta kana dawo da ita. Kai ka koya mata yadda ake jiran igiyar ruwa ta ɗaga kwalekwale kafin a yi tsalle kan dutse, ita kuma ta yi maka bayanin baƙaƙen ginshiƙan nan da ke tsaitsaye a jere kamar damin rake. Ta ce daga ƙarƙashin teku dutsen ya ɓullo yana tafasa, da ya huce sai ya tsattsage, shi ya sa kusan kowane ginshiƙi ke da gefe shida. Ranar ka dawo kamar wanda aka yi wa albishir. Ka ce shekara hamsin kana taka su ba ka taɓa ƙirga gefensu ba, sai da wannan baiwar Allah ta buɗe maka ido. Babu wanda ya tsira daga wannan labari a garin nan, har Liman. Ka same ni ina juya kifi ka ce, "Ke baiwa, kin san dutsen can ya taɓa zama kunu? Kunu mai zafi, ya zubo ya daskare." Na ce ashe 'yan uwa ne kai da shi, don kai ma haka kanka ya daskare.

Abin da ka fi so a can shi ne kukokin. Ba sa miƙewa sama kamar na tudu, iska ta hana su, sai dai su bi ƙasa da rarrafe, tsawonsu bai wuce ƙugun mutum ba alhali sun girmi duk wanda muka sani. A kansu baƙaƙen tsuntsayen nan masu shanya fukafukai ke yin sheƙa. A cikin tsagar duwatsu kuma akwai farare masu jan baki da dogon bindi, waɗanda ƙwai ɗaya tal suke yi su zauna a kansa suna harara. Kunkurayen teku na hawowa ɗan rairayin da ke cikin mashiga su binne ƙwansu. Sai kuma ƙananan da muke kira 'yan jagora, masu zuwa gab da damina su zuba ƙwai a ƙasa cikin ciyawa mai yaɗo. Su ne idon masunta. Inda suka taru suna faɗawa ruwa, nan kifi yake, kuma ranar da teku ta yi hazo, wanda ya bi su da yamma ba ya ɓata hanyar gida.

Sai shekarar da kifi ya ja baya, samari suka fara cika kwalekwale suna nufar ƙasar Sifen. Wasu suka isa, waya ta yi ƙara a gidajensu, aka yi guɗa. Kwalekwalen da ya ɗauki Njaga, ɗanka namiji tilo, da samarin unguwa da dama, shi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba a ga gawa ba, ba a ga katako ba, ba a ji waya ba.

Ndumbe Gey ce ta fara, wadda ɗanta ke cikin wannan tafiya. Ta yi alkawarin akuya ga tsibirin idan yaron ya dawo, daga baya ta ga gara ta bayar tun da wuri. Tunda ba a zubar da jini a can, da ranta aka sake ta. Kai ka ɗauke ta a kwalekwalenka, don kai ne babban gida a lokacin, kuma wa zai iya ce wa uwa a'a a irin wannan hali? Kafin wata ya zagayo kowace uwa ta nemo tata, akuya ko bunsuru, ta yagi ƙyalle daga tsohuwar rigar ɗanta ta ɗaura mata a wuya. Daga nan wata magana ta fito, har yau ba a san bakin da ya fara furta ta ba, wai muddin dabbarki na da rai a tsibirin, ko ita ko 'ya'yanta, to ɗanki ma yana raye a wani wuri, ko a kurkuku, ko a hamada, ko ya manta sunansa. Ba al'adar kakanni ba ce wannan, baƙin ciki ne ya haife ta a gaban idonmu. Liman ya yi huɗuba a kai sau ɗaya, kukan da ya tashi daga ɓangaren mata ya sa bai ƙarasa ba, bai kuma sake ba. Ba wanda ke yi wa yaran nan addu'ar mamata. Allah Ya dawo da su kawai ake cewa.

Matarka Kodu ita ma ta sayo tata, ja mai farar fuska. Ba ta roƙe ka ba. Ta tsaya da ita a tsakar gida ta dube ka, kai kuma ka je ka ɗauko igiya.

Babu wanda ya yi tunanin abin da akuya ke yi wa wurin da ba a taɓa kiwo ba. Akwai kwarmin dutse a can da ke tara ruwan sama, ya ishe su sha, suka haihu suka hayayyafa. Suka cinye ciyawa mai yaɗo har saiwa, suka koma wa kukoki suna ɓare musu bawo, suka bi ta kan ƙwai da kofato. Da damina ta zo ba ta sami abin da zai riƙe ƙasa ba, sai muka riƙa hango jan ruwa na gangarowa daga tsibirin yana rina teku. 'Yan jagora suka zo shekara ɗaya suka yi shawagi suka juya, shekara ta biyu ma haka, daga nan suka daina zuwa. Na tuna ranar da ka dawo ka zauna a gindin murhuna ba ka tsokane ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Can ka ce, "Kukar bakin mashiga sun fere ta kamar rogo. Da hannuna na kai su, Aram."

Samarin da suka rage suka ce a je rana ɗaya a kwashe su kaf, kowa ya huta. Wani ma ya ce a zuba musu magani a kwarmin ruwan. Ka ƙi duka biyun. Ka ce wanda ya bayar shi ke da bakin karɓowa, kuma kai ba za ka saci ɗan kowa daga hannun uwarsa ba. Ka san abin da ke gabanka sarai: ko tsibirin ya mutu, ko kowace uwa ta yarda da bakinta cewa ɗanta ya mutu.

Haka ka fara bin gidaje. Ba ka shiga da maganar awaki. Sai ka je da butarka da gawayinka, ka zauna ka ɗora wannan shayi naka da ba ya nuna, ka ɗauko hirar yaron. Yadda yake jan taru, yadda ya taɓa kifar da kwalekwale a gaban 'yan mata, irin abincin da ya fi so. Sunan da mutanen gari suka daina ambata don tsoron ɓata wa uwa rai, kai sai ka yi ta kiransa har ɗakin ya cika da shi. Ka tafi, ka dawo, ka sake dawowa. Wata rana uwar za ta fashe da kuka, in ta share hawaye ta ce da kanta a je a ɗauko mata dabbarta. Sai ka tsallaka ka zaɓo ta da zuriyarta, don ka san kowace da kamanninta, a yanka a gida a yi sadaka, Liman ya zo ya yi wa yaron addu'ar da aka daɗe ana hana shi. Wata shekara guda ta ishe ta, wata sai da ta kusa goma.

Ba kowa ta karɓe ka da daɗi ba. Ndumbe ta watsa maka ruwan wankin kifi a gaban jama'a, ta ce kai ne mai bin gida-gida kana kashe 'ya'yan mutane. Ka tsaya yana ɗiga daga gemunka, ka ce mata Allah Ya ba da haƙuri, ka tafi. Mako bai cika ba ka aika mata da kifi. Bayan shekaru ita ce ta aiko a kira ka, kuma ranar jana'izarka babu wadda ta kai ta kuka a cikin matan da ba danginka ba.

A ƙarshe zuriyar ja mai farar fuska ce kaɗai ta rage, ta Kodu. A nan ne ka tsaya cak. Maimakon ka tambaye ta, sai ka tattara tsofaffin taruna da itatuwan da ruwa ke kawowa, ka yi musu shinge a lungun mashiga, ka killace su. Dabbar da aka killace kuwa sai an ciyar da ita. Haka ka koma ɗan dakon awaki da furfurarka. Duk bayan 'yan kwanaki sai a ga ka ɗora buhunan harawa, da rani har da jarkokin ruwa, ka tsallaka, ka yi tsallen nan kan jiƙaƙƙen dutse da gwiwar da ko sujada ba ta yi maka sai da dabara. Wajen shingen ciyawa ta fara dawowa. Ka zo mini da murna wata rana ka ce ka ga 'ya'yan kuka sun tsiro, ba su fi ɗan yatsa ba. Bara 'yan jagora ƙalilan suka sauka suka yi ƙwai. Amma akuya ba ta san shinge ba, duk lokacin da suka tauna taru suka fita, aikin shekara sai ya lalace a wuni ɗaya, ka sake komawa farko.

Duk ranar tafiya Kodu ke ƙulla maka shinkafa da kifi a kwano. In ka dawo ta ce, "Samb, suna lafiya?" Ka ce, "Suna lafiya." Iyakar abin da ke shiga tsakaninku a kan wannan magana ke nan, shekara da shekaru.

Na gaji da kallo, wata rana na tare ka kana ɗaure buhu. Na ce, "Bawana, ka shiga gidan kowa a garin nan, har ruwan kifi ka sha, amma ka kasa shiga ɗakin matarka?" Ba ka ɗago ba. Ka ce, "Ranar da na tambaye ta, ranar Njaga zai mutu a wajenta. Harawa na iya ɗauka, wannan ne ban iya ba." Na ce to ka bar ni ni in tambaye ta. Sai ka ɗago ka ce, "Ke? Da wannan bakin naki mai kama da wuƙar gyaran kifi? In kika taɓa mini ita ban yafe ba." Ka ɗora buhun a ka, ka wuce. Daga irin wannan tafiya ka dawo ranar Talatar nan, da buhuna wayam a cikin kwalekwale.

Bayan an binne ka hankalin kowa na kan zaman makoki, ba wanda ya tuna da masu jiran harawa. Sai da Usenu, ɗan ƙanenka wanda ƙwaryar kunu ta koma hannunsa, ya tsallaka ya dawo da labari. Ya ce yunwa ta sa sun fara cin tarun, ya ɗaɗɗaure inda ya iya, amma ba zai daɗe ba, kuma 'ya'yan kukar nan suna bayan shingen kaɗan. Ya kuma faɗa a fili cewa shi mai iyali ne, su yake yi, ba zai iya abin da kake yi ba. Ban ga laifinsa ba. Maza suka taru a rumfa suka yi ta juya magana, ba wanda ya yarda ya shiga ɗakin mai takaba da irin wannan tambaya. Can sai na ga duk ni suke kallo, don abin da taubashi ya faɗa ba a kai shi ƙara. Na san ka hana ni. Amma kai ne ka tafi ka bar ni da su, in kana da magana ka riƙe ta sai mun haɗu.

Washegarin addu'ar kwana takwas da safe na shiga. Kodu na zaune a kan tabarma da carbi, ta rame har na tsorata. Muka gaisa, na zauna kusa da ita, na ce, "Kodu, bawana ya tafi ya bar dabbobi da yunwa. Me za a yi da su?"

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ajiye carbin ta ce, "Aram, ashe sai ya mutu za a tambaye ni?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Ni na haifi Njaga. Yaron da ko kasuwar Dakar ya je sai ya aiko a ce mini ya sauka lafiya? Tun damina ta uku na san ba ya duniya."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Ina kallon Samb yana ɗaukar butarsa yana bin gidaje. Kullum ina cewa gobe nawa ne, har gawayi na taɓa ajiye masa. Bai shigo ba. Sai na ce to shi ne bai saki ba. Mutumin da ke ɗaukar harawa a ka da wannan gwiwa, ni in buɗe baki in ce masa a kwaso su? Ai na kashe masa ɗa ke nan."

Na yi shawara da zuciyata ko in haɗiye abin da ka faɗa mini, sai na ga haɗiyewa ce ta kawo mu nan. Na gaya mata kalma da kalma. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, tana kuka, ni ma na kasa riƙe nawa. Da ta buɗe fuska sai ta ce, "A je a kwaso su. Da bakina na bayar, da bakina na karɓa. Kuma a gaya wa Liman, ranar arba'in sunaye biyu zai kira."

Libas, ina jin haushinka, kuma zan faɗa ko da ba kyau a ji haushin mamaci. Ka tsallaka teku sau ba adadi don ka kauce wa tambaya ɗaya, alhali amsarta na zaune a gefen tabarmarka tana ƙulla maka abinci. Da kun yi kukan nan tare tun da daɗewa, da ka huta da buhuna, da wataƙila ka zauna a rumfa da tsofaffi ana kawo maka kifi kamar yadda ka kai wa na gabanka. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ba harawa ce ta kashe ka ba. Amma baƙin cikina shi ne ka tafi kana zaton kai kaɗai ka san ɗanka ya mutu, ita ma ta yi shekarun nan tana zaton ita kaɗai ta sani. Ban taɓa ganin mutum biyu da tausayin juna ya wahalar haka ba.

Usenu da abokan sunsa sun kwaso su a ranar, kafin la'asar. Ni ban tsallaka ba, har yau teku ba ta shiri da cikina. A gaɓa na tsaya aka sauke su, ramammu, suna tangaɗi a kan rairayi don ba su taɓa taka ƙasar tudu ba. Matan da ka bi gidajensu duk sun fito. Usenu ya ce ya kwance shingen ya ɗebo tarunan, ya kuma duba 'ya'yan kukar, suna nan da ganyensu. Ko 'yan jagora za su dawo da yawa bana, wannan sai damina ta matso za mu gani, kuma ba da idonka ba.

Ya Allah, ga bawanKa Libas ɗan Samb ya zo gare Ka, Kai ne mafi sanin abin da ya ɗauka a ka da abin da ya ɗauka a zuciya. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sanya kowane kifi da ya ciyar da maraya, da kowace uwa da ya zauna da ita har ta iya kuka, da kowane tsuntsu da ya sami wurin sauka saboda shi, a cikin ma'aunin alherinsa. Ni kuma na yafe masa duk tsokanar da ya yi mini, ina roƙon Ka sa ya yafe mini shiga ɗakin da ya hana ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa mata, Marem da Ngone, da jikokinsa, da Usenu da dukkan gidan Samb, da masuntan Mbaraw manya da ƙanana. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ku ladan haƙuri, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Ke kuma Kodu, ta'aziyya biyu nake yi miki, ɗaya sabuwa, ɗaya kuwa mun yi shekara goma sha takwas muna haɗiye ta a gabanki. Allah Ya jiƙan mijinki. Allah Ya jiƙan Njaga, Ya sa ruwan da ya rufe shi ya zame masa shahada, Ya haɗa shi da ubansa a gidan Aljanna. Amin.